Yadda Bushrar Alu Ta Koya wa Tanki Gaisuwa

Ranar ɗaurin auren Halimatu Sa'adiya, 'yar Mai Unguwa, ita ce ranar da Bushra maƙwabciyata ta aiki Liman kashe famfo a gaban duk mutanen Tarai. Ba labari aka ba ni ba, ina wurin. Juma'a ce, an sauko daga masallaci, maza sun cika tabarmi a ƙofar gida, mu mata muna bayan katanga muna ƙulla tuwon shinkafa a leda. Akwai wata 'yar kafa a jikin katangar da na san da zamanta tun shekarar da aka gina ta, to nan na ja kujerata. An kafa lasifika, saboda ango ɗan Rano ne, motoci huɗu suka zo da su, dole a nuna musu mu ma ba a baya muke ba.

Liman ya karɓi abin magana ya yi gyaran murya. Sai wayar Alhaji Munzali ta ɗauki kuka. Alhaji Munzali shi ne shugaban kwamitin ruwa na unguwarmu. Kunnensa na hagu ya daɗe da ajiye aiki, don haka kullum wayarsa a buɗe take, duk wanda ya kira shi da jama'ar gari yake magana. Ya ɗauka. Muryar mace ta fito tar:

"Tanki ya cika. Tashi ka kashe famfo. In ka ji, danna ɗaya."

Ba sallama, ba ina wuni, ko Alhajin ma babu. Ya dubi wayar kamar ta tofa masa yawu, ya katse. Ta sake kira. Ya katse. Sau uku. Daga nan ta rabu da shi, sai aljihun Liman ya ɗauka. Bawan Allah ya zaro zai kashe, babban yatsansa ya sauka a kore, ga abin magana a ɗaya hannun. Lasifika ta ɗauka ta watsa har bakin titi:

"TANKI YA CIKA. TASHI KA KASHE FAMFO."

Wallahi na ga baƙi 'yan Rano biyu sun miƙe tsaye suna waige-waigen inda famfon yake.

A ɓangarenmu kuwa kowace mace ta juyo ta dubi Bushra, don ba wadda ba ta gane muryar ba. Ta saki ledar tuwo ta yi kan jakarta. Ta zaro waya za ta tsayar da abin, hannu duk maiƙo, gilashin ya ƙi jin yatsanta. Ta goga a zane, ya ƙi. Injiniya guda, mai digiri, na gan ta da idona tana dangwalar waya da hanci. Kafin hancin ya yi nasara kira ya wuce kan Mai Unguwa, uban amarya, daga shi ya faɗa kan ubanta Alu. Shi ne ya danna ɗayan. To amma Alu ba shi da makullin ɗakin famfo. Makulli guda ne a duniya, yana aljihun Alhaji Munzali. Haka Alhaji ya tattare babbar riga ya miƙe, ido ɗari uku a kansa, ya tafi ya yi abin da sa'ar 'yar cikinsa ta umarce shi.

Ni kam sai da aka ba ni ruwa.

Ni ce Tani mai waina. Katanga ɗaya ce tsakanina da gidan Alu mai gyaran rediyo, shekara talatin da biyu ke nan, ranar da aka haifi Bushra ma ni na ɗora ruwan zafi. Don haka in na ce yarinyar nan tun tana rarrafe ba ta ƙaunar ganin abu a rufe, ku yarda. Tana shekara bakwai ta buɗe tocilata. Tana tara ta sauke agogon bangon da aka kawo ni da shi gidan miji, ta zazzage cikinsa a tabarma, ta mayar. Ya yi aiki kuwa, sai dai da baya yake tafiya. Kwana uku ina ganin la'asar tana komawa azahar. Na kai ƙara wurin Alu, maimakon ya ɗauki bulala sai ya ɗauki agogon yana juyawa yana cewa, "Ikon Allah, ta yaya ta yi?" Daga ranar na san gidan nan ba mai gyara wani.

Ranar kasuwar Kibiya takan bi shi rumfa ta riƙe masa dalma. Ta gama sakandare, ta tafi jami'a a Wudil, ta yi shekara biyu tana aiki a Kano, sai ga ta ta dawo da jaka ɗaya da kwamfutar cinya. Muka ce an kore ta. Ashe wai aikin ne ya biyo ta gida. Wani kamfani a Legas take yi wa, mutanen da ko tafin ƙafarta ba su taɓa gani ba. Tana zaune a ɗaki kan tabarma, ta jingina da buhun masara, tana ta ƙwanƙwasa.

Na leƙa wata rana na ce, "Ke 'yar nan, wai me kike sakawa ne ba zare?"

Ta ce, "Inna Tani, ƙananan na'urori nake rubuta wa abin da za su yi. Manhaja ake ce masa. Kin ga firjin da ake ajiye allurar rigakafi? Akwai ɗan abu a jikinsa, in firjin ya fara ɗumi shi zai kira ma'aikaci. To wani ne ya zauna ya rubuta masa: in ka ji kaza, yi kaza, in ba a amsa ba, yi kaza. Ba ya sanin komai sai abin da aka gaya masa."

Na ce, "Ashe dai reno kike yi. Ki ce mini reno."

Yanzu ga yadda tanki ya shigo maganar. Rijiyar burtsatse ɗaya gare mu, mai sola, da tanki a sama kan ƙarafa. Da safe gidaje ke ɗiba. Bayan azahar a buɗe wa kwamin shanun su Malam Jabiru, Fulanin da suka zauna a gefen gari tun kafin a kawo ni, suna kiwo suna noma. Famfon nan abu biyu ne ke cutarsa. In tanki ya cika ba a kashe ba, ruwa ya yi ta kwarara a banza. In kuma rijiya ta ja baya da bazara aka bar shi yana zuƙar iska, sai ya ƙone. Sau biyu yana ƙonewa cikin shekara uku. Kowane karo mun fi wata muna saɓa jarka zuwa rafi, ni da gwiwoyin nan nawa, shanu kuma a kora su har wajen Durba.

Bushra ta haɗa wani akwati kamar robar abincin 'yan makaranta, ta sa aka ɗaure shi a ƙafar tanki. Ta buɗe mini na gani. Wani ɗan allo ne kore, a tsakiyarsa wani baƙin abu bai fi farcena ba, wai shi ne ƙwaƙwalwar. Ga layin waya irin na kowa, ga batir, ga 'yar sola a ka kamar murfin kwano. Waya ɗaya ta shiga tanki tana auna ruwa, ɗaya ta tafi wajen famfo tana saurare ko ruwa yake ja ko iska. Kuma wai don kada batir ya ƙare, barci yake yi. Duk minti biyar ya farka, ya duba, in ba komai ya koma.

Na ce, "Wannan ai Alu ne bayan ya ci tuwo."

Tun farko so ta yi akwatin ya riƙa tsayar da famfo da kansa. Alhaji Munzali ya ce atafau. Shi ya ba da filin da aka haƙa rijiyar, jikin gidansa, makullin kuma tare da carbinsa yake kwana. Ya ce, "Ya duba, ya faɗa. Amma hannunsa ba zai taɓa famfon nan ba ina numfashi." Shi ya sa ta koya masa kira. Ta karanta saƙon da bakinta ta zuba masa, gajere don kada ya ci batir. Ta kuma sa masa naci: in ba a danna ɗaya ba ya sake kira, in an yi uku ya wuce kan na gaba a kwamiti. Wata biyu yana aiki lafiya, don Alhaji yakan danna kafin ma a gama, a gona ko a kan babur, ba mai ji. Sai ranar da aka ji.

Washegarin ɗaurin aure kwamiti ya zauna a gindin darbejiyar da ke kusa da tanki. Ni ɗiban ruwa ya kai ni. Bokitina ya daɗe bai cika ba, ban san dalili ba.

Alhaji ya ce, "Shekarata sittin da bakwai. Ko Hakimi bai taɓa ce mini tashi ba sallama ba. Sai roba? A gaban surukai? A kwance shi."

Alu ya sunkuyar da kai. Bushra tana durƙushe gefe, mayafi har goshi, kamar ba ita ce ta aiki Liman jiya ba.

Malam Jabiru ya jingina sandarsa ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri. Tun da aka ɗaura abin nan shanuna ba su yini da ƙishi ba ko sau ɗaya. Yaro in bai iya gaisuwa ba ai koya masa ake yi, ba a korarsa daga gari."

Aka yi ta ja. Ƙarshe Alhaji ya ɗaga yatsu biyu. "Juma'a biyu. In ya koyi ladabi ya zauna. In bai koya ba, ni da hannuna zan kwance shi in kai wa Alu ya yi rediyo da shi."

Kowa a wurin ya san abin da hakan ke nufi. In akwati ya sauka, bazara na zuwa famfo zai ƙone na uku, mu koma rafi.

Da yamma sai ga Bushra a tsakar gidana da waya a hannu. "Inna Tani, taimako na zo nema. Duk unguwar nan ba wanda ya kai ki iya gaisuwa."

Na gyara ɗaurin ɗankwali. Shekara nawa ina jiran ranar da digiri zai durƙusa a gaban tandar waina. Na ce, "Kunna."

Na fara. Sallama. Ina wuni. An wuni lafiya. Ina gajiya. Ya iyali. Ya Hajiya, ya ƙafar tata. Ya yara, ya na Kano, ya mai jegon nan ta Yalwa. Ya aikin kaka, gyaɗa ta yi kyau kuwa. Ya kasuwa. Ya muka ji da zafi. Ya ƙarin haƙurinmu na rashin Malam wane. Ina cikin tambayar babur ɗin Alhaji ta ɗaga hannu.

"Inna, tsaya. Ƙwaƙwalwar akwatin ta cika tun a ƙafar Hajiya."

"To ki ƙaro wata."

"Ba ta ƙaruwa. Abin da zai iya riƙewa duka-duka bai kai minti ɗaya na magana ba. Ke kin yi uku ba ki zo kan tanki ba. A minti uku jarka goma ta zube. Ga batir, kira ɗaya irin wannan ya cinye abincinsa na yini."

Muka zauna ciniki kamar masu sayen akuya. Ta ce a cire yara. Na ce a bar na Kano, shi ne abin alfaharinsa. Ta ce a cire Hajiya. Na ce, "Cire Hajiya ki gani, Juma'a ɗaya ma ba za ki kai ba." Ta ce zafi fa? Na ce zafi na iya tafiya, amma gajiya ba ta taɓuwa, mutumin da bai tambaye ka gajiya ba bai ɗauke ka mai aikin yi ba. Muka tsaya a kan guda biyar. Ta karanta da muryarta, a hankali, da Baba Alhaji a gaba. Ni aka ce muryata ta yi faɗi. Na ji, na kuma ajiye.

Ba ta hau tanki ba. Daga ɗaki take tura masa sabon karatu ta iska. Na ce in sabis ya ɗauke ana tsaka da turawa fa, kin san sabis ɗin Tarai, sai ya ga dama? Ta ce shi ya sa ba ya zubar da tsohon karatu sai sabon ya iso cif ya gwada shi ya ga yana tafiya. Wannan na gane shi sarai. Ni ma ba na wanke robar tsohon ƙullu sai na ga sabo ya tashi.

Gwaji na farko ranar Talata. An yi kwana biyu hadarin ƙarshen damina ya rufe rana, batirin akwati ya mutu ya farfaɗo, da ya farfaɗo sai lissafin lokaci ya ɓace masa. Alhaji yana Rano a rumfar abokansa masu sayar da taki, an idar da la'asar, waya ta yi kuka.

"Salamu alaikum, Baba Alhaji. Ina kwana? An tashi lafiya?"

Alhaji kuwa duk ƙasar nan an san shi da barcin rana. Aka ce har mai shayi sai da ya ajiye buta ya riƙe ciki. Ya dawo gida ko ƙofar Alu bai kalla ba.

Bushra ta yini tana huci. Ta ce laifinta ne, ta bar shi yana dogara da agogon cikinsa. Ta gyara: duk farkawa sai ya tambayi ƙarfen sabis ƙarfe nawa kafin ya buɗe baki. Na ce, "Ke da agogo dai ba ku taɓa shiri ba."

Gwaji na biyu ya faɗo ranar Litinin ta mako na biyu, kuma shi ne wanda na fi so. Wannan karon komai daidai. Azahar ta wuce, tanki ya cika, Alhaji yana zaure. Ta ma koya wa akwatin ya riƙa dakatawa bayan kowace tambaya don a amsa masa.

"Salamu alaikum, Baba Alhaji. Ina wuni?"

"Wa alaikumus salam. Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya Hajiya?"

"Alhamdu lillahi, ƙafar ce dai. A'a, yarinya ta shiryu! Ya Malam Alu? Madalla, madalla. Na gode da gaisuwa, Allah ya yi albarka."

Ƙit, ya katse. Bai kai ga maganar tanki ba, don ita ce a ƙarshe.

Akwati bai ji an danna ɗaya ba, ya sake kira. Daga ina zai fara? Daga sallama mana, haka aka koya masa. Alhaji ya sake amsawa tun daga farko, har da ƙarin bayani a kan ƙafar Hajiya. Sau uku suna gaisawa. Shi yana zaure yana jin daɗi an dawo da martabarsa, ruwa kuwa yana sauka daga tanki kamar an ɓalle kwata, ya bi gangare, ya shige shanyar gyaɗarsa buhu shida da aka baza a bayan gida. Da aka fito gyaɗa tana iyo, agwagin Hajiya suna biki.

Saura kwana huɗu. Na yi dariya har haƙarƙarina ya yi ciwo, amma da na tuna hanyar rafi sai dariyar ta rage zaƙi.

Talata da sassafe Bushra ta zo ta zauna a gefen tandata, ido ya faɗa. Ko wainar da na tura mata ba ta taɓa ba.

Ta ce, "Inna, abin ba ya haɗuwa. In ya gaisa ruwa ya zube. In bai gaisa ba a kwance shi. Na juya ta kowace fuska."

Ana haka Alu ya fito zai tafi rumfa. Ya tsaya a bakin ƙofa muka gaisa yadda ya kamata, tun daga kwana har ciwon bayansa, ya wuce. Ba a yi rabin awa ba ya dawo ɗaukar abin da ya manta, sai muka ji shi ta kan katanga:

"Tani! Akuyarki ta shiga rumbuna!"

Na tashi na koro ta na dawo. Na tarar Bushra ta zuba mini ido kamar yau ta fara ganina.

"Inna, Baba ya ƙwala miki kira ba sallama, ba ki ji haushi ba?"

"Haushin me? Ai mun gaisa da safe."

"To in da ba ku gaisa ba fa?"

"Da akuyar ta cinye rumbun kafin in motsa. Ke wai a jami'ar ba a gaya muku ba? Wa ke gaisuwa lokacin da abu ke ɓaci? Da safe ake zuwa a gaida mutum, ba a neman komai a wurinsa. Shi ke ba ka bakin yi masa magana duk yini."

Ta miƙe zumbur, ƙafarta ta kwashe kwanon miyar taushe, ta tsallake akuya, ta yi gida da takalmi ɗaya. Ɗayan har yau yana wurina, na riƙe shi a madadin miyata.

Kwana biyu ba a ga ƙeyarta ba. Ta kan katanga nakan hango ta ta tsoma wayar auna ruwa a randar uwarta tana ɗagawa tana saukewa, wai randar ce tanki, wayar Alu kuma ita ce Alhaji. Alu ya gaisa da randa ya fi sau hamsin.

Alhamis da safe ita da ubanta suka tafi zauren Alhaji. Ta durƙusa ta gaishe shi da bakinta, cikakkiya, irin tawa, har babur. Sannan ta ce, "Baba Alhaji, makulli naku ne, yana nan a hannunku. Akwatin nan ɗan aike ne kawai. Kullum da safe zai zo gaisuwa, lokacin ba abin da ke zuba, ya nemi izininku na yinin. In kun ba shi, in tanki ya cika ya tsayar da famfo da sunanku. In ba ku ba shi ba, ba zai taɓa ba, sai dai ya kira ku kamar da."

Alhaji ya ce, "In ina hanya ban ɗauka ba fa?"

"Sai ya je wurin Malam Jabiru. Na sa masa gaisuwar Fillanci, har da tambayar shanu. Abu ɗaya ne ba zan ɓoye muku ba. In ya ji famfo na zuƙar iska zai ƙone, ko ba kowa zai tsayar, sannan ya kira ya ba ku haƙuri."

Alhaji ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "In da ban haƙuri a ciki, da sauƙi." Ya tashi da kansa ya buɗe ɗakin famfo, ya tsaya a kan Alu har ya gama haɗa wayoyin, ya kulle, ya mayar da makulli aljihu. "Gobe dai Juma'a," in ji shi.

Juma'a ƙarfe bakwai ina juya waina na ji wayar Alhaji daga ƙofar gidansa, don duk layin ke ji. Sallama, kwana, gajiya, Hajiya, na Kano. Sannan: "Baba Alhaji, in tanki ya cika yau, kun ba da izini a tsayar da famfo? In kun yarda, a danna ɗaya." Alhaji ya bar shi yana jira. Ya gyara hula. Ya kurɓi koko. Sai da aka san wane ne babba, sannan ya danna.

Bayan masallaci duk unguwa ta hallara a gindin tanki. Kwamiti a kan benci, Malam Jabiru da sandarsa, shanu a baya suna jiran kwami, mu mata da bokitai waɗanda ba wadda ta zo cikawa. Alhaji ya zo da filaya a hannu, ya ajiye a cinya yadda kowa zai gani. Famfo na ta gurnani. Bushra na duban wayarta tana faɗa wa ubanta, "Saura taƙi biyu. Saura ɗaya." Sai na ga fuskarta ta canja.

Na matsa na ce, "Lafiya?"

"Sabis ya ɗauke."

"Shi ke nan, mun koma rafi."

"Inna, yi shiru. Izinin yana cikinsa tun safe. Ba ya buƙatar sabis ya yi aikinsa, sai dai ya ba da labari."

Ban gama buɗe baki ba muka ji ƙas daga ɗakin famfo. Gurnani ya tsaya. Kowa ya ɗaga kai yana duban bakin tanki. Ko ɗigo. Ƙofa a kulle, makulli a aljihun mai shi.

Alhaji ya zaro waya ya duba. Shiru. Ya girgiza ta. Shiru. Ya ɗauki filaya ya fara miƙewa. "To, ya yi aiki bai sanar da kowa ba. Wannan shi ne rainin da na..."

Waya ta ɗauki kuka. Sabis ya ga dama.

"Salamu alaikum, Baba Alhaji, barka da Juma'a. Bisa izininku, an tsayar da famfo."

Alhaji ya koma ya zauna a hankali. Ya ɗaga wayar sama ya juya ta gabas da yamma. "Kun ji? Bisa izinina. Liman, ka ji ko? Izinina." Ya miƙa wa Alu filayar ya ce ya ƙara ɗaure akwatin da kyau kada iska ta taɓa shi. Ya kuma ce daga gobe a riƙa gaida Liman shi ma, don an ɓata masa. Malam Jabiru ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, ya tafi buɗe wa shanu. Ramlatu matar Mai Unguwa ta rangaɗa guɗa, wai ta ranar biki ce da ba ta samu yi ba.

Yau wata bakwai ke nan. Bazara ta zo ta wuce, sau huɗu akwati yana ba Alhaji haƙuri, famfo bai ƙone ba, ƙafata ba ta taka hanyar rafi ba. In ya makara da minti biyu da safe Alhaji sai ya aiko a tambaya ko lafiya. Mutanen Yalwa sun zo sun ce a yi musu irinsa, amma nasu shugaban ya ce a sa masa tambayar dokinsa.

Amma ni a waccan Juma'ar ban bar Bushra ta tafi haka ba. Ana watsewa, mata sun kewaye ta, na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce, "To Injiniya, roba ta koyi ladabi a hannuna cikin Juma'a biyu. Ke shekara talatin ina fama. Yaushe za a zuba miki naki sabon karatun?"

Ta gyara mayafi, ta durƙusa har ƙasa kamar abin kirki, ta ce:

"Ina wuni, Inna Tani, ina gajiya. Famfo dai in tanki ya cika yanzu yana tsayawa. Ke kunnen unguwar nan ya cika tun ina firamare, har yau ba ki tsaya ba. Bari in gama da na Yalwa, ke ce aikina na gaba."